Kwali na Goma

Ranar Alhamis da hantsi aka gane kwali ɗaya na allurar shanu ya ɓata.

Shanu kusan ɗari huɗu na tsaye a bakin shingen allura na Namutwi tun asuba. Masu su sun koro su daga can cikin fadama, wasu kwana biyu a hanya. Inonge, ma'aikaciyar da ke yin allurar, ta miƙa hannu a ba ta kwali na goma, na ƙarshe. Bo Akufuna, shugaban tawagar, wanda ake sa wa "Bo" don girmamawa, ya leƙa akwatin sanyi da ke bayan mota. Kansa ya daɗe a ciki. Da ya ɗago ya ce babu.

Su uku kamfanin ya turo daga Mongu: shugaba, mai allura, da direba. Kafin rana ta yi tsaka garin ya zaɓi direban a matsayin ɓarawon. Shi ke kwana a motar. Kuma kwana huɗu ana kallonsa, ba wanda ya ga ya sayi ko ƙwayar gyaɗa. Mutane suka ce mai son kuɗi irin haka ba abin da ba zai sayar ba.

Induna Mukelabai, wanda garin ke hannunsa, ya aika a kira Liswaniso.

Liswaniso mai bin sawu ne. Shekara talatin yana nemo shanun sata a wannan yashin, kuma ba ya yawan magana. Nasa shanun bakwai na cikin waɗanda ba a yi wa allurar ba. Ya durƙusa, ya tafa hannu, ya saurara.

Induna ya ce ɗan sanda zai zo daga mararraba gobe da safe. In ya zo zai tafi da direban, aikinsa kuma ya ƙare ke nan, ko an sake shi daga baya.

"Kwalin zan nemo, ranka ya daɗe, ko ɓarawon?"

"Ba na so a ɗaure baƙo a garina kan zato. Da yamma zan zauna. Ka zo da abin da ka samu."

*

Sawun da ke kewaye da motar ba shi da amfani. Rabin gari ya tattake wurin. Direban, Kabika, na zaune a inuwar taya, siriri, da ledar burodi a cinyarsa. Matasa biyu da sanduna na tsaye nesa kaɗan, wai gadi.

Liswaniso ya tsuguna kusa da shi, ya tambaye shi me ya ci yau.

"Burodi."

"Jiya fa?"

"Burodi."

"Shekaranjiya?"

"Baba, sawun allura kake bi ko sawun cikina?"

Bai ɓoye komai ba. Kamfani na ba kowa kuɗin abinci da na masauki a hannu kafin a tashi, ka ci ko kar ka ci, ba mai tambaya. Shi ba ya ci. Tun daga Mongu yake sayen burodi, guda biyu a rana, da ruwan sukari. Mota ce ɗakinsa. Tafiya takwas ya yi a haka, kwanon rufin gidansa ya kai rabi. Ya ce kowa a kamfanin na yi, sai dai shi ba ya jin kunya.

Akwatin fa? Ya ce bai taɓa buɗe shi ba. Doka ce ta Bo Akufuna, shi kaɗai ke buɗewa, don kowace buɗewa sanyi ke fita. Aikin direba ya tada mota safe da yamma kar batir ya mutu.

Liswaniso ya ce ya ba shi labarin hanya. Kabika ya yi tsaki. Tafiyar awa shida ta zama ta yini guda. Yashi ya riƙe su a wani fili da ba ko bishiya, tun hantsi har rana ta karkata. Shi yana haƙa, Inonge na sa rassa ƙarƙashin taya.

"Shugaban fa?"

"Yana rungume da jaka. Ruwan shanmu ma shi ya kusa ƙararwa, yana ta jiƙa tawul. Na ɗauka kansa zai sa wa. Sai in ga ya cusa a jaka." Ya gutsiri burodi. "Manya da abinsu."

Liswaniso ya miƙe, ya zagaya bayan motar. Bai taɓa akwatin ba, ya dai kalle shi. Layin tururuwa ya hau ta taya, ya wuce kujerar da Kabika ke kwana, inda ɓurɓushin burodi ke zube, ya miƙe zuwa bakin murfin. A nan suka taru kan wani ɗigo. Ya shafa da yatsa, ya sansana. Mai ne, ja, da ƙanshin tumatir da albasa.

Ya goge yatsan a wando.

*

Liswaniso ya sami Inonge a gidan induna, tana cin tuwon masara da busasshen kifi tare da matar gidan. Ita haka take nata tafiye-tafiyen. Takan zo da gishiri da sabulu da sukari ta ba uwar gida, a sa hannu da ita a kwano har ta tafi. Ta ce ya fi araha, kuma ba ta kwana da yunwa kamar wani.

Ta tabbatar kwali goma ne. Da hannunta ta jera su a Mongu. Akwatin ya cika maƙil, sai da ta danna murfin da gwiwa kafin ya rufu. Daga nan ta shiga ofis sa hannu, ta bar shugaban wajen motar, Kabika kuma ya tafi sayen burodinsa. Tun ranar ba ta sake ganin cikin akwatin ba. Kowace safiya Bo Akufuna ke fito mata da na ranar.

"Kina ganin direban ne?"

Ta daɗe tana mulmula loma. Ta ce shekara uku suna tafiya tare, ko man mota bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Amma an ce mata an gan shi sau biyu a shagon Sililo, kuma Sililo na sayar da maganin dabbobi.

Matar induna ta ce sau uku ne, ita ma ta ji.

*

Sililo ya yi dariya har ya dafa kanta.

"Direban? Ya zo, Baba. Ya ɗauki gwangwanin kifi, ya karanta gaba, ya karanta baya, ya tambayi kuɗi, ya mayar. Washegari ya dawo ya sake gaishe da gwangwanin. Na ce masa in aure yake nema ya turo manya."

Liswaniso ya duba shagon. Maganin tsutsa, maganin kaska, gishirin lasa. Ya tambaya ko an kawo masa allura a sayar.

"Allurar da ba ta son zafi? A ina zan sa ta, a tulu? Garin nan kaf ba firji. Wanda ya saci abin nan don ya sayar a Namutwi, asara ya sata."

Wannan gaskiya ne, kuma Liswaniso ya riga ya yi tunaninsa. Ya sayi ashana don kar ya fita hannu biyu.

*

Ya sami Bo Akufuna a barandar ɗakin da makaranta ta ba shi. Mutum ne mai jiki, da farar riga a goge duk da yashin. Bai daɗe da dawowa daga cin abincin rana ba, yana sakace. Baƙar jakarsa na kan cinya.

Ya karɓi Liswaniso da mutunci, ya ba shi kujera. Ya ce abin ya dame shi ƙwarai. Bai ce direban ne ba, shi bai ga komai da idonsa ba. Sai dai akwai abin da ya sha faɗa wa na ƙasa da shi.

"Kamfani ya ba ka kuɗin abinci ne don ka ci, ka yi aiki da ƙarfinka. Ma'aikaci na wakiltar kamfani ne har a kan tebur. In mutum ya saba cutar cikinsa saboda 'yan kuɗi, to, ban san inda zai tsaya ba."

"Kai a ina kake ci, yallaɓai?"

"Wajen Bo Namukolo, a mararraba. Kullum. Tafiyar rabin awa ce, amma tana iya kaza."

Liswaniso ya gyaɗa kai. Idonsa na ƙasa, kamar na mai jin nauyin babba. Takalmin shugaban yake kallo. An yi wa dugadugin dama faci da robar taya, an buga ƙusa uku. Aikin mai gyara ne mai kyau, ta sama ba za ka gane ba.

*

Hanyar mararraba yashi ce fari, mai riƙe sawu in ba iska. Ƙusa ukun ba su yi wuyar samu ba. Sawu uku ne masu fita daga gari. Na Talata ya fara cikewa, na Laraba da sawun ƙadangare a kansa, na yau bakinsa da kaifi. A bayan coci, sawu biyu suka bar hanya suka yi hagu. Na Talata ne kaɗai ya miƙe.

Na Talatan Liswaniso ya fara bi.

Bo Namukolo na kwashe tuwo lokacin da ya isa. Mace ce mai faɗi, ba ta tsayar da hannu don baƙo.

"Mai baƙar jaka? Sau ɗaya ya zo. Ya tambayi kuɗin kaza, na faɗa masa, ya ce likita ya hana shi mai. Ya sha ruwa kofi biyu. Da zai tafi ya ɗebi tsinken sakace kamar zai yi shinge." Ta ɗago. "Kai ma ruwan ne, Bo Liswaniso, ko yau za ka ba ni mamaki?"

Ya ce ruwan ne.

Ya dawo bayan coci, ya bi hagu. Sawun ya ratsa gonar rogo ya shiga wani tsohon kango da ya rage sai bishiyoyin mangwaro. Ƙarƙashin mafi girma an share wuri. Ga inda mutum ke zama, bayansa jingine da bishiya, fuskarsa ba ta kallon gari. Ga inda yake ajiye jaka. Ga zoben gindin roba a yashi. Ƙasusuwan kaza an tattara su wuri guda an rufe da ganye, an tsotse su fes, an fasa su an sha ɓargon. Tururuwa na kansu.

Taku goma daga nan yashin ya canza launi. An haƙa an mayar, an share da reshe. Wanda ya share bai san cewa sharar ma sawu ce ba.

Liswaniso ya haƙa da hannu. Bai kai gwiwar hannu ba ya taɓa tawul. Kwalin na ciki. Kwalaben duk a cike, ba wadda aka buɗe.

Ya zauna inda mutumin ke zama. Daga nan ba a ganin komai sai rogo da sama. Ya yi tunanin babban ma'aikaci da farar riga, yana cin cinyar kaza mai sanyi a kango yana waige. Ya yi tunanin shanunsa bakwai. Ya daɗe a wurin. Sannan ya naɗe tawul ɗin, ya sa a hammata.

*

Da rana ta yi sanyi aka taru gindin bishiyar da induna ke zama. Masu shanu a gaba, mata a gefe. An zaunar da Kabika a tsakiya, a ƙasa. Inonge da Bo Akufuna na kan benci. Sililo ma ya rufe shago ya zo, tunda sunansa ya shiga bakin mutane.

Liswaniso ya durƙusa, ya tafa, ya ajiye ƙunshin gaban induna. Ya warware.

Wani daga baya ya ce ai ga shi, direban ya binne ne kafin ya sami mai saye.

Liswaniso bai waiga ba. Ya tambayi Inonge ko da wurin saka wani abu a akwatin ranar da ta cika shi. Ta ce ko allurar ɗinki ba za ta shiga ba. Ya tambayi Kabika ko ya san tawul ɗin. Kabika ya kalli tawul, ya kalli benci, ya sunkuyar da kai. Ya ce ya san shi, rabin ruwan shansu na jikinsa.

Sannan Liswaniso ya faɗi abin da ya gani, a taƙaice. Tururuwa sun wuce burodi sun tafi bakin akwati, kuma tururuwa ba sa shan allura. Man miya ne a murfin. Direban bai ga miya ba tun Mongu. Ya faɗi maganar Bo Namukolo, da takalmi mai ƙusa uku, da kangon mangwaro.

"Wani ya nemi wuri a akwatin, ranka ya daɗe. Babu wuri. Sai ya fitar da abu ya sa abu." Ya juya. "Yallaɓai, ko za ka buɗe mana jakar?"

Bo Akufuna bai yi gardama ba. Ya zuge zif ɗin. Ya fito da roba mai shuɗin murfi ya ajiye a benci. Ta jikin robar ana ganin jan mai, da yanka biyu na kaza.

Ba wanda ya tambayi dalilin ɓoyewar. Kowa a wurin ya sani. Babba ba ya buɗe kwano gaban na ƙasa da shi ya ci shi kaɗai. Da ya buɗe robar nan ranar Litinin a filin da yashi ya riƙe su, da hannu uku ne za su shiga, guzurin kwana biyar ya ƙare kafin motar ta fita.

Bo Akufuna ya yi magana yana kallon robar. Matarsa ce ta soya kaji biyu. 'Yarsu na makarantar jinya, kuma kuɗin tafiye-tafiyen nan ne ke riƙe da ita, shekara biyu ke nan. Bara guzurin ya lalace masa a rana ta biyu, shi ya sa bana ya yi tunanin akwatin. Ya ce awa shida ne kawai, jiƙaƙƙen tawul zai riƙe kwali ɗaya, da sun isa aka yi allurar farko wuri zai samu ya mayar. Bai yi lissafin yashi ba. Da suka iso kwalin ya yi ɗumi kamar burodin gashi.

Wani dattijo cikin masu shanu ya ce, to me ya hana shi mayarwa haka nan a yi allurar, wa zai sani?

"Ruwa ne kawai da za a tsira musu, Baba. Ku tafi kuna cewa an yi. Ciwon huhu ya zo ya same su a buɗe." Ya girgiza kai. "Wannan ban iya ba."

"Direban fa?" in ji induna. "Shi ka iya?"

Bo Akufuna ya kau da kai daga inda Kabika ke zaune. Tsinken sakacen na aljihun rigarsa, kawunansu a waje.

Induna bai tsawaita ba. Za a aika mararraba a ce wa ɗan sanda kar ya wahalar da kansa. Bo Akufuna zai rubuta wa kamfani abin da ya faru da hannunsa, Inonge ta karanta wa taro kafin a rufe takardar. Abin da kamfani zai yi masa, tsakaninsu. Amma shanu ɗari huɗu na jiran kwali, kuma garin ya san sunan wanda zai tambaya. Ya ce wa matasan nan biyu su mayar da sandunansu inda suka ɗauko. Ya ce wa Kabika ya tashi daga ƙasa, a ba shi kujera.

Masu shanu suka fara guna-guni kan kwanakin da za su ƙara. Ba wanda ya je ya ba direban haƙuri. Sililo ne kawai ya ce masa gwangwanin na gaishe shi.

Robar na nan kan benci, a gaban kowa. Bo Akufuna ya kalle ta. Ya cire murfin, ya miƙe, ya kai ta gaban Kabika da hannu biyu.

Kabika bai kalli fuskarsa ba. Ya kalli kazar, ya daɗe. Liswaniso ya ɗauka zai ture. Sai ya ga ya ɗauki yanka ɗaya ya miƙa wa Inonge. Ɗayan ya buɗe ledar burodinsa ya sa, ya ƙulle bakin da kyau.

"Yau na riga na ci," ya ce. "Wannan na gobe ne. Sai dai ban san inda zan ajiye ba, yallaɓai, kar ya lalace."

Wata mata ta fara dariya ta toshe baki. Inonge ta ce akwatin ai yanzu ba komai a ciki.

Liswaniso ya tafa wa induna, ya miƙe. Shanunsa na can bakin shinge tun asuba, ba su sha ruwa ba.